Manyan Itatuwa Gadon Gari Ne: Darasi Daga Itacen Tenere

Jawabin da aka gabatar a zaman ilimi na bikin cikar sarauta shekara ɗari, a birnin Agadas



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da ya nuna mana wannan rana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai Martaba Sarkin Abzin, Allah ya ja zamaninka. Mai Girma Gwamnan Jihar Agadas. Anastafidat, Sarkin Turawa, Alƙali, Magajiya da sauran ƴan majalisar fada. Mai wannan sarauta da muka taru dominta, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Limamai da malamai, masu unguwanni, madugai da ƴan kasuwa, iyayenmu mata, samari da ƴanmata, baƙinmu na kusa da na nesa, ina gaishe ku da gaisuwar ban girma.

Gabatarwa

Ina miƙa godiya ga kwamitin shirya wannan biki da ya ba ni damar tsayawa gaban iyayena da shugabannina domin in faɗi albarkacin bakina. Waɗanda suka riga ni magana sun yi bayani mai gamsarwa a kan tarihin wannan gida da jerin waɗanda suka riƙe shi. Ni kuwa an ɗora mini magana a kan itatuwa, musamman manyan da suka daɗe a tsaye, da kuma yadda za mu dasa waɗanda za su kai ga jikokinmu.

Mai yiwuwa wani ya ce, ina ruwan bikin sarauta da zancen itace? Amsar ba ta da nisa. Abubuwan da ke cika shekara ɗari suna raye a wannan ƙasa tamu ƙalilan ne. Ɗan Adam ba safai yake kaiwa ba, raƙumi da wuya ya kai rabi, rijiya takan rufta, soro yakan zube in an daina yi masa yaɓe. Amma gidan sarauta yana kaiwa, itace ma yana kaiwa, kuma dukansu biyu wani ne ke kafawa, wasu su rena, wasu can daban su sha inuwa. Sarautar da muke yi wa biki yau ita kanta reshe ce a jikin babban itace, wato Masarautar Abzin, wadda tarihi ya nuna ta kafu tun farkon ƙarni na 15, a zamanin Sarki Yunus. Saboda haka babu majalisar da ta fi wannan dacewa da tunanin abin da ke ɗaukar ƙarni kafin ya nuna.

Abin da nake fatan mu koma da shi gida guda ɗaya ne. A ƙasa irin tamu, babban itace dukiya ce wadda shekaru kaɗai ke samarwa, ba a sayenta a kasuwa. Don haka tsare wanda ke tsaye shi ne farkon aiki, dashe kuma ba ya amsa sunansa sai an rene shi har saiwarsa ta kai ga ruwa.

Shaidar da duwatsu suka bari

Jama'a, ƙasar nan ba haka take ba tun fil azal. A Dabus, arewa da Agadas a gefen hanyar Arlit, akwai zanen raƙuman dawa da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse tun shekaru dubbai da suka wuce, babban cikinsu ya haura mita 5. Kowa ya sani raƙumin dawa ba ya zama inda babu dogayen itatuwa, domin daga samansu yake kiwo. Wanda ya yi wannan zane da idonsa ya ga dabbar, a inda yau sai duwatsu da rairayi.

Haka kuma a Gobero, cikin Tenere, masana ƙarƙashin jagorancin Paul Sereno sun ci karo da wata tsohuwar maƙabarta a shekarar 2000, a bakin wani tafki da ya ƙafe tun da daɗewa. Tare da ƙasusuwan mutane an sami na manyan kifaye da kada da dorina. A can ƙololuwar duwatsun Bagzan da Tamgak kuwa, har yanzu akwai tsirarun itatuwan zaitun na daji, ragowar wancan zamani na ni'ima.

Bushewar Sahara ikon Allah ce, ta faru sannu a hankali cikin dubban shekaru, ba gatarin kowa ne ya jawo ta ba. Sai dai wannan tarihi yana nuna mana matsayin itatuwan da suka rage. Tsohon ƙandili ko tsohuwar goruba da ka gani a cikin kwari, jinsinsu ya sha gwagwarmaya da fari tun kaka da kakanni har ya san hanyar tsira a ƙasar da ruwan samanta a yawancin shekaru bai cika wuce milimita 150 ba. Irin wannan itace ba abin wasa ba ne.

Itacen Tenere

Babu misalin da ya fi kusa da mu kamar Itacen Tenere, wanda sunansa ya zaga duniya. Ƙandili ne, wanda ƴan'uwanmu Abzinawa ke kira afagag, yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar rairayi, sama da kilomita 200 gabas da Agadas, a kan hanyar ayarin gishiri mai zuwa Fashi da Bilma. Tsawonsa bai wuce kimanin mita 3 ba, ba shi da wani kyan gani na a zo a gani. Amma da yake babu wani itace kusa da shi sai an yi tafiyar kwanaki, masu zana taswira sun sa shi a taswirorin Sahara kamar yadda ake sa gari. Masana suna kiyasin ya yi kusan shekara 300 a duniya.

Yaya aka yi ya rayu a inda ko ciyawa ba ta tsayawa? An sami amsa a lokacin sanyin 1938 zuwa 1939, sa'ad da aka haƙa rijiya a kusa da shi. Masu haƙa sun tarar saiwarsa ta nutsa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, a zurfin mita 33 zuwa 36. Ku auna da hasumiyar babban masallacinmu mai mita 27. Ashe abin da ke ɓoye a ƙasa ya fi hasumiya tsawo, alhali abin da ido ke gani bai fi tsayin ɗaki ba. Ya fara wannan tafiya ne tun lokacin da ruwa ke kusa, ruwa yana ja da baya yana bin sa, taki bayan taki, shekara bayan shekara.

Akwai kuma amsa ta biyu, wadda ta fi shafarmu a wannan zama. Shekara da shekaru ayari yana yada zango a wurin da dubban raƙuma, bayan damina, a kan hanyar ɗauko kantu da beza da dabino. Raƙumi ɗaya ya isa ya cinye ganyensa cikin yini guda. Matafiyi ɗaya da sanyin dare ya dama ya isa ya karya rassansa ya dafa shayi. Amma ba a yi ba. Turawan da suka bi hanyar a wancan zamani, irin su Michel Lesourd da ya gan shi a 1939, sun yi mamakin wannan kamun kai har suka rubuta shi. Babu ma'aikacin gandun daji a wurin, babu shinge, babu tara. Akwai dai madugu mai faɗa a ji, da al'adar da kowa ya gada cewa wannan itace ba a taɓa shi, domin shi ne alamar hanya, kuma na baya ma suna bukatarsa.

Da motoci suka fara ratsa Tenere sai al'amari ya canza. Henri Lhote, wanda ya fara ganinsa a 1934, ya koma a 1959 ya tarar mota ta riga ta raunata shi. A shekarar 1973 wani direban babbar mota ya banke shi ya faɗi, a filin da ba shi da iyaka, inda babu abin kaucewa sai shi kaɗai. Ranar 8 ga Nuwamba 1973 aka kai gawarsa gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yanzu ke ɗauke da sunan Bubu Hama. A gurbinsa aka kafa wani itace na ƙarfe.

Ranka ya daɗe, ƙarfen yana nuna hanya, amma ba ya yin ganye, ba ya zubar da iri. Abin da fari da guguwa da yunwar raƙuma suka ƙyale har kusan ƙarni uku, gangancin mutum ɗaya ya gama da shi cikin ƙiftawar ido. Kuma ko da duk dukiyar ƙasar nan aka tara, ba za ta sayo saiwa mai mita 30 ba.

Gorubar da ke riƙe da gari

Mu dawo cikin gari. Duk baƙon da ya shigo Agadas, abin da idonsa ke fara sauka a kai shi ne hasumiyar masallacin Juma'a, wadda aka fara ginawa wajen 1515, aka sake ɗaga ta a 1844. Itatuwan da suka fito a jikinta kamar haƙarƙari su ne ke ɗaure ginin, kuma su ne matakan da magina ke hawa idan za a sabunta yaɓe. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da ya sauka garin nan a watan Oktoba 1850, ya lura da cewa jeri 13 na itacen goruba ne ke ƙarfafa hasumiyar. A shekarar 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Idan muna alfahari da wannan, mu tuna cewa laka kaɗai ba ta tsayuwa haka. Sorayen Katanga da Amarewat da Obitara da sauran tsofaffin unguwanni, rufinsu a kan itace yake kwance. Ranar da za a nemi gyara bisa tsarin gado a rasa goruba mai kauri, ranar za mu san abin da muka yi asara.

Goruba tana da wani darasi na musamman. Kabar da iyayenmu mata ke saƙa tabarmi da faifai da igiya da ita, wadda kuma ake rufa bukkokin makiyaya da tabarminta, ba wani tsiro ba ne daban. Goruba ce tana ƙarama. Idan aka dinga yanke mata ganye kowace shekara ba hutu, haka za ta dawwama a ƙasa, ba za ta taɓa yin gangar jiki ba, balle ta yi ƴaƴa. Idan aka ƙyale wasu daga ciki, sai bayan shekaru masu yawa su miƙe su zama abin da ake rufin soro da shi. Fili cike da kaba wanda babu goruba ko ɗaya a cikinsa, alama ce ta mutanen da suka ci rabon gobe tun yau.

Sauran sana'o'inmu ma haka suke. Majema da ƴaƴan bagaruwa suke jima, kuma da fatar da suka jeme dukawa ke yin takalma da jakunkuna da adon sirdin raƙumi da aka san Agadas da su. Maƙeran da ke ƙera azurfa da gawayi suke aiki. Aduwa da magarya da kurna abinci ne kuma magani, jiga da anza kuwa tsofaffinmu sun san ranar da suka yi musu a shekarun yunwa. Ga kuma dabinon Ingal da na Kawar, da lambunan Timiya da Tabelot da Iferwan. Mai dasa dabino yakan jira shekaru kafin ya ɗanɗana, amma itacen yana iya ciyar da ɗansa da jikansa har da tattaɓa-kunnensa.

Aikin da babba ke yi wanda ƙarami ba ya iyawa

Sau da yawa akan ji mai sara yana cewa, ai in na sare ɗaya zan dasa goma. Niyyar tana da kyau, amma lissafin bai daidaita ba, saboda dalilai kamar haka.

Na farko, babban itace ya riga ya kai ga ruwa. Ba ya bukatar guga ko tulu, ba ya tsoron akuya, kuma shekarar fari ba ta cika kayar da shi ba. Ɗan dashe kuwa sai an shayar da shi rani biyu ko uku a jere, an kuma kare shi daga dabbobi, kafin a fara sa rai da shi. Cikin goman da aka dasa, in babu mai kula, ba mamaki a wayi gari babu ko ɗaya.

Na biyu, babba shi ne uwar iri. Ƙandili da gawo suna zubar da ƴaƴa a tsakiyar rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, awaki da raƙuma su ci su rayu. Ƙwayar irin da ta bi ta cikin dabba takan fi saurin tsirowa, kuma dabbar ta kai ta nesa ta ajiye ta tare da takinta. Haka daji ke sabunta kansa. To amma a ƙasarmu ba kowace shekara ake samun ruwan da zai raya sabon tsiro ba, sai damina mai kyau ta biyo bayan wata. Idan irin wannan dama ta zo ta tarar babu uwa a wurin, ta wuce ke nan.

Na uku, manyan itatuwa su ne ke riƙe da gaɓar ƙorama. Mutanen garin nan ba su manta da ambaliyar farkon watan Satumba 2009 ba, lokacin da ruwan duwatsun Abzin ya sauko ta ƙoramar Telwa ya rushe dubban gidaje, ya share lambuna. Itace ba ya hana ruwa zuwa. Abin da yake yi shi ne ya ɗaure ƙasa da saiwoyinsa, ya rage wa ruwa gudu, ya ba shi lokacin nutsewa. Ruwan da ya nutse kuwa shi ne masu lambu ke ja daga rijiyoyinsu da rani.

Na huɗu, inuwa. A watannin bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, inuwar babban itace ita ce kasuwa, ita ce makarantar allo, ita ce majalisar dattawa inda ake sulhu da ɗaurin aure. Ɗan dashe sai ya shekara goma ko fiye kafin mutum biyu su zauna a ƙarƙashinsa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ke cin itatuwanmu

Ba sai an je nesa ba wajen neman dalilin raguwar itatuwa. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 sun kashe itatuwa masu yawa, suka kuma kora makiyayan da suka rasa dabbobinsu zuwa cikin gari. Ƙidayar 2012 ta nuna mazauna Agadas sun haura dubu ɗari, kuma tun da aka buɗe haƙar zinariya a Jado a 2014 jama'a sai ƙaruwa take yi. Kowane gida yana ɗora tukunya, kowane mai shayi yana hura gawayi, kowane mai gini yana neman itacen rufi. Da jaki ake ɗauko itacen girki a da, daga bayan gari, kuma busasshe ake tsinta. Da mota ta shigo sana'ar, sai tafiya ta yi nisa, gatari kuma ya fara hawa kan ɗanye.

Akwai kuma wata ɓarna da ba ta da ƙara. Idan ka shiga wasu kwaruruka za ka ga tsofaffin itatuwa tsaye, sai ranka ya yi sanyi. Amma duba ƙarƙashinsu, babu matasa, domin duk abin da ya tsiro baki ya cinye shi tun yana jariri. Wannan kamar gari ne mai dattawa wanda babu yara a cikinsa. Yau yana da kwarjini, amma ƙarshensa sananne ne.

Ba a rasa dokoki ba. An keɓe gandun Abzin da Tenere a 1988, UNESCO ta amince da shi a 1991, kuma ƙasa tana da dokar gandun daji ta 2004. Sai dai ma'aikaci ba zai iya tsayawa gindin kowane itace ba a jiha mai faɗin tamu. Abin da ya tsare Itacen Tenere shekaru aru-aru, wato kunya da biyayya ga na gaba, shi ne har gobe ya fi kowane shinge ƙarfi. Kuma wannan a hannun sarakuna da malamai da iyaye yake.

Dashe da reno

Tun 1975 ƙasarmu ta haɗa ranar 3 ga Agusta, ranar da ta sami ƴancin kai a 1960, da dashen itatuwa. A 1984 an yi babban taron ƙasa a Maraɗi a kan yaƙi da hamada, kuma a 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa babbar ganuwar itatuwa a gefen Sahara. Duk waɗannan abin yabo ne. Amma ya kamata mu riƙa tambayar kanmu, cikin waɗanda aka dasa bara, nawa ne suka ga wannan damina? Ranar dashe rana ɗaya ce, ana kiɗa ana ɗaukar hoto. Reno kuwa na sauran kwanakin shekara ne, lokacin da babu mai kallo.

Ƴan'uwanmu na kudu sun ba mu misali. A farkon shekarun 1980, a ƙasar Maraɗi, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura da cewa ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyayi ba ne, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu ke nan da rai a ƙasa. Sai manoma suka fara zaɓen reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, su rage sauran, su kare shi. Wannan dabara, da aka fi sani da sassaben zamani, ta bazu a Maraɗi da Damagaram da Tawa, har masana suka kiyasta an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan fili mai faɗin hekta miliyan 5. Sirrin abin shi ne tsohuwar saiwa, wadda ta riga ta yi aikin shekaru. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ke tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena ta wannan hanya.

Tun kafin haka ma, tarihin Damagaram ya riƙe cewa sarakunanta na ƙarni na 19 sun tsananta hukunci a kan mai sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi ganye da rani ya ba dabba abinci. Gawon da ya cika gonakin wannan yanki yana da nasaba da wancan tsanani. Ruwan samanmu bai kai nasu ba, saboda haka ba duk abin da ya yi a can ne zai yi a nan ba. Amma a bakin Telwa da sauran ƙoramu, da gefen lambuna, akwai kututture da kaba da ƙananan ƙandili da ba su jiran komai sai a ɗauke musu gatari da bakin akuya.

Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon izinin Mai Martaba in gabatar da waɗannan shawarwari.

1. Kowane mai unguwa da kowane hakimin ƙauye ya sa a ƙirga manyan itatuwan da ke yankinsa, a rubuta irinsu da wurinsu, a ajiye takardar a fada. Abin da aka san adadinsa ba ya ɓata a ɓoye.

2. Fada ta yi shela cewa ba a sare babban itace mai rai, ko don gini ko don faɗaɗa hanya, sai da sanin mai unguwa da ma'aikatan gandun daji, kuma sai an tabbatar babu wata mafita.

3. Albarkacin wannan biki, a dasa itace ɗari, ɗaya domin kowace shekara ta wannan sarauta. Kowane itace a danƙa shi ga gida ɗaya ko makaranta ko masallaci da sunansa, da alkawarin shayarwa da shinge har rani uku. A kowace ranar 3 ga Agusta a fara da zagaya na bara kafin a haƙa sabon rami.

4. A fifita irin ƙasarmu, wato ƙandili, aduwa, goruba, bagaruwa, magarya, kurna da dabino. Dogon yaro yana da amfani a cikin gida da bakin titi inda ruwa ke kusa, amma a yi hattara da baƙin itatuwa masu saurin girma, domin wasunsu sukan mamaye bakin ƙorama su kore na gida.

5. Masu yankan kaba da makiyaya da masu lambu su zauna da shugabanninsu su keɓe wasu wurare da za a huta da su na ƴan shekaru, bi da bi, domin ƙanana su sami tashi. Kada a hana kowa abincinsa, a dai tsara shi.

6. Masu hali su taimaka wa gidaje da murhu mai tsimin itace, da gas, wanda matatar mai ta Damagaram ke samarwa tun 2011, da gawayin ƙasa na yankin Cirozerin. Duk tukunyar da ta sauka daga kan itace, wani ƙandili ne ya tsira.

7. Malamanmu su riƙa tunatarwa a huɗuba da wa'azi cewa dashen itace yana cikin sadaka mai gudana, iyaye da malaman makaranta kuma su koya wa yara sunayen itatuwa da Hausa da Tamashek. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, jama'a masu daraja, waɗanda suka kafa wannan sarauta shekara ɗari da suka wuce ba su san fuskokinmu ba, ba su san sunayenmu ba, amma ga shi yau muna zaune cikin inuwar abin da suka kafa. Haka wanda ya ƙyale gorubar da aka ɗaure hasumiya da ita, da madugun da ya janye akalar raƙuminsa daga Itacen Tenere. Bashi ne a kanmu, kuma masu shi sun riga mu gidan gaskiya, ba a iya biyansu sai ta hannun waɗanda ba a haifa ba tukuna. Idan Allah ya kai wannan gida bikin shekara ɗari biyu, babu ɗayanmu da zai halarta. Fatanmu shi ne a yi taron a ƙarƙashin itatuwan da aka dasa a bana, a kuma sami wanda zai tashi ya yi wa masu renonsu addu'a.

Allah ya ja zamanin Mai Martaba Sarkin Abzin. Allah ya ƙara wa mai wannan sarauta lafiya da adalci, ya jiƙan magabatansa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Agadas da Nijar baki ɗaya lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.